Wa Ke Tsaron Ƙofar Ajinmu na Bidiyo?

 A wannan fitowa mun ajiye maganar da muka yi niyyar yi a kan gyaran rufin majami'u kafin damina, gama wani al'amari ya taso wanda muke ganin ba zai jira ba.

A ɗaya daga cikin ikkilisiyoyinmu, wadda ba za mu ambaci sunanta ba, akwai ajin nazarin Littafi Mai Tsarki da ake yi ta bidiyo kowace Laraba da yamma. An fara shi lokacin annobar korona, da annobar ta wuce kuma ba a daina ba, domin ya yi amfani ƙwarai. Akwai 'ya'yan ikkilisiyar da aiki ya kai su Legas da Abuja, akwai ɗalibai, akwai tsofaffin da ciwon ƙafa ya zaunar da su, akwai kuma waɗanda ba sa son bin hanya bayan faɗuwar rana. A wata Laraba malamin yana tsakiyar bayani, sai wani ya shigo da sunan ɗaya daga cikin dattawa. Ba wanda ya kula. Jim kaɗan sai hotunan batsa suka rufe fuskar wayar kowa, wata murya kuma tana zagi, tana kiran sunayen mata ɗaya bayan ɗaya daga jerin sunayen da ke gefe. Malamin ya rikice, bai san abin da zai danna ba. Wata uwa tana zaune a ɗakinta tare da 'yarta mai shekara tara, waya ɗaya suke kallo. Kafin a kashe taron an ɗauki kamar minti huɗu.

Ranar Asabar majalisar dattawa ta zauna, aka gayyace mu. Maganar farko da ta fito daga bakin wani dattijo ita ce, "Maƙiyan bishara ne." Wani ya goyi bayansa, har ya ambaci unguwar da yake zato. Mun ga yadda fuskokin samari biyu da ke tsaye a bakin ƙofa suka canja da jin sunan unguwar. Sai magatakarda, wanda Allah ya ba shi sanyin rai, ya yi tambaya ɗaya: mahaɗin shiga ajin nan, wato shuɗin rubutun da ake dannawa a shiga, ina da ina ya je? Aka fara lissafi. Mahaɗi ɗaya ake amfani da shi tun shekarar da aka fara, ba a taɓa canja shi ba. Yana kan takardar sanarwa da aka ɗauki hotonta aka sa a shafin Facebook na ikkilisiya. Yana cikin wani rukunin WhatsApp na tsofaffin ɗalibai mai mutane ɗaruruwa, domin wata 'yar'uwa mai himma ta tura shi can tana gayyatarsu su zo su ji maganar Allah. Zauren jira kuwa, inda mai shigowa yakan tsaya har a buɗe masa, malamin ya kashe shi da hannunsa tun bara, gama ya gaji da katse koyarwa yana buɗe wa masu makara. Mu da muke wannan rubutu ma mun duba wayarmu, muka tarar mun tura shi ga mutum fiye da goma waɗanda ba 'yan ajin ba ne. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Abu ɗaya ya sa ɗakin ya yi tsit. Wanda ya shigo ya san sunan dattijon da zai ara, ya kuma san dattijon ya yi tafiya a makon nan, ba zai kasance a ajin ba. Baƙo daga wata unguwa ba zai san wannan ba.

Abin da ya sami 'yan'uwanmu ba sabo ba ne a duniya. A 2020, da aka rufe makarantu da wuraren sujada, mutane suka koma kan manhajar Zoom. Kamfanin ya ce masu shiga taro kowace rana sun tashi daga miliyan 10 a Disamban 2019 zuwa miliyan 300 a Afrilun 2020. Inda jama'a suka taru kuwa, 'yan ɓarna ba sa nisa. Ranar 30 ga Maris 2020 ofishin hukumar FBI ta Amurka da ke Boston ya fitar da gargaɗi, bayan wani ya kutsa cikin ajin wata makarantar sakandare a jihar Masacuset, ya yi ashar, ya kuma faɗi adireshin gidan malamin da ƙarfi; a wata makarantar kuma wani ya shiga yana nuna alamar 'yan Nazi da aka zana a fatarsa. A watan Afrilu ma'aikatar ilimi ta Singafo ta dakatar da malamanta daga amfani da manhajar bayan an kutsa cikin darasin labarin ƙasa an nuna wa yara hotunan banza, hukumar makarantun birnin New York ma ta hana ta na ɗan lokaci. A watan Mayu abin ya kai har wani zaman kwamitin Majalisar Dokokin Afirka ta Kudu. Turawa suka raɗa wa wannan ɗabi'a suna, wai jefa bam cikin taron Zoom.

Wanda ya fi kusa da mu shi ne na majami'ar Lutheran ta Saint Paulus a birnin San Faransisko. Ranar 6 ga Mayu 2020 aka kutsa cikin ajinsu na nazarin Littafi Mai Tsarki, wanda yawancin masu zuwansa tsofaffi ne, aka nuna musu bidiyon batsa, har da na cin zarafin yara. Majami'ar ta kai ƙara kotu. A 2021 kamfanin ya amince ya biya dala miliyan 85 don sasanta ƙararrakin da aka haɗa wuri ɗaya, waɗanda suka shafi irin wannan kutse da kuma sakaci da bayanan mutane. Tun kafin nan, a Afrilun 2020, shugaban kamfanin Eric Yuan ya nemi gafara a fili, aka kuma mai da lambar sirri da zauren jira su zama a kunne tun daga farko, sai in mutum ya kashe da kansa. Kafin ƙarshen shekarar aka ƙara maɓalli guda wanda mai masaukin taro zai danna ya tsai da kome nan take, murya da hoto da rubutu. To, makullai dai akwai su, sun kuwa yi shekaru suna nan. Namu ne ba mu juya ba.

Amma akwai wani bincike da muke so dattawa su yi tunani a kansa fiye da duk waɗannan labarai. Masana daga Jami'ar Boston da Jami'ar Binghamton sun bi sawun kiraye-kiraye fiye da 200 da aka yi a shafukan Twitter da 4chan cikin watanni bakwai na farkon 2020, inda ake gayyatar 'yan ɓarna su je su wargaza wani taro. Kowa ya zaci ɓarayin kwamfuta ne ke lalube har su dace da lambar taro. Abin da masanan suka tarar shi ne, mafi yawan kiran daga cikin gida ya fito, musamman daga ɗaliban da su kansu 'yan ajin ne. Ɗalibin yakan ba da mahaɗi, ya ba da lambar sirri, wani lokaci har ya ba da sunan wani ɗan ajin domin baƙon ya ara ya wuce zauren jira. Yawancin kiran kuma ana yinsa ne a daidai lokacin da ajin ke gudana. Kakanninmu sun riga sun faɗa, da ɗan gari akan ci gari.

Wannan ya sa muke roƙon dattawa da shugabannin matasa, da dukan nauyin da Ubangiji ya ɗora mana, kada wani ya miƙa yatsa ga maƙwabtanmu na wani addini ko wata ƙabila in irin wannan ya faru. Mun san garuruwan da muke zaune. Mun san abin da jita-jita ta taɓa jawowa, wasunmu sun binne 'yan'uwa saboda maganar da ba a tabbatar ba. Zargin da aka yi a ɗakin majalisa da yamma yakan kai kasuwa kafin gari ya waye, kuma ba mai iya komo da shi. Da magatakardan nan bai yi tambayarsa ba, da samarin nan biyu sun fita da sunan unguwa a bakinsu.

Me ya sa abin ya fi nauyi a gare mu? A babbar makaranta ta birni, kutse irin wannan abin kunya ne na yini ɗaya. Mu kuwa ƙananan ikkilisiyoyi ne, a wuraren da kowa ya san kowa. Muna da ajin baftisma inda wasu ke koyon bangaskiya alhali danginsu ba su sani ba tukuna, suna jiran ranar da za su faɗa da bakinsu, ta hanyar da za ta kiyaye zumunci. Duk wanda ya shiga aji zai iya ɗaukar hoton fuskar wayarsa cikin ƙiftawar ido, ga fuskoki ga sunaye a ƙarƙashinsu. Hoto ɗaya irin wannan ya isa ya raba yarinya da gidan ubanta, ko ya raba magidanci da sana'arsa. Mutumin da ya amince da mu ya shigo ajin baftisma ya ba mu amanar ransa ne, bai kamata amanar ta rataya a kan mahaɗin da ke yawo a rukunin tsofaffin ɗalibai ba.

Mai ihu da zagi ma da sauƙi, gama an san ya shigo. Wanda ya fi damunmu shi ne mai shiru. Yakan shigo da kyamara a kashe, da suna irin "Tecno" ko "itel", wato sunan wayar da manhaja ke nunawa in mutum bai rubuta nasa ba, ya zauna har a tashi. A ƙarshen aji kuwa mun saba yin sanarwa da roƙon addu'a: Fasto zai bi hanya kaza ranar Juma'a, ma'aji zai kai kuɗin baiko banki ranar Litinin, mijin wance ya tafi, ita kaɗai ce da yara a gida, wane ya sayar da hatsinsa. A ƙasar da ake satar mutane don kuɗin fansa, wannan labari ne mai tsada. Mun sha zama a irin waɗannan tarurruka muna kallon baƙaƙen akwatuna huɗu ko biyar marasa fuska, ba wanda ya tambayi ko su wane ne, don kada a ce mun kunyata baƙo.

A nan ne wani zai tashi, kuma mun riga mun ji shi daga bakin mutanen da muke girmamawa, ya ce ƙofar gidan Allah a buɗe take, wa ya ba mu iko mu sa kuba? Zai tuna mana da Ibraniyawa sura 13 a kan karɓar baƙi, zai ce watakila wanda muka tsayar a waje mai neman ceto ne. Ba mu raina wannan magana ba. Ikkilisiyar da ta koma ƙungiyar asiri ta ɓata hanya. Amma bari mu duba yadda muke yi a gininmu na ƙasa. Sujadar Lahadi ta kowa ce, duk da haka muna da masu tsaye a ƙofa, tun shekarun hare-hare kuma yawancinmu muna duba jaka. Taron majalisar dattawa ba na kowa ba ne. Ajin masu shirin aure ba na kowa ba ne. Makarantar Lahadi ta yara ma, in baƙon namiji ya shigo ya zauna a bayan yara ba wanda ya san shi, wace malama ce za ta ci gaba da koyarwa ba ta tambaye shi ba? Wa'azi da waƙa ana iya watsa su a Facebook ko YouTube kowa ya kalla, can mai kallo ba shi da ikon cusa hotonsa ko muryarsa cikin sujada, ba ya kuma ganin jerin sunayen masu kallo da fuskokinsu a ɗakunansu. Aji kuwa ɗaki ne. Gidan Bahaushe yana da zaure, baƙo yakan yi sallama ya tsaya a nan, ba wanda ya taɓa kiran wannan rowa.

Manzanni ma sun san ƙofa. A Ayyukan Manzanni sura 12, lokacin da Hirudus ke tsananta wa ikkilisiya, masu bi suna addu'a a gidan Maryamu uwar Markus, ƙofar waje a kulle, har Bitrus da mala'ika ya fitar daga kurkuku sai da ya tsaya yana ƙwanƙwasawa. Yarinyar nan Roda ce ta je ta saurara, ta kuwa gane shi da muryarsa. A sura 9, da Shawulu ya zo Urushalima yana so ya shiga cikin almajirai, sun ji tsoronsa, sai da Barnaba ya kama hannunsa ya kai shi, ya ba da shaida a kansa. Littafin 1 Tarihi sura 9 ya ƙidaya matsaran ƙofofi 212, aikinsu kuwa aikin Lawiyawa ne, ba na 'yan aike ba. Baƙo mai neman gaskiya yana da hanyar shiga ajinmu, ita ce hanyar Barnaba: wanda ya gayyace shi ya kira mai tsaron ƙofa tun kafin ranar, ya ce wane zai zo, ni na san shi.

Shawararmu ga kowace majalisar dattawa ita ce ta naɗa mai tsaron ƙofa ga kowane ajin bidiyo, da sunansa a littafin taro, kamar yadda ake naɗa ma'aji. Kada ya zama shi ne malamin. Mai koyarwa idonsa na kan Littafi, ba zai iya lura da ƙofa ba, wannan ne ya sa ɗan'uwanmu ya kashe zauren jira. A manhajar Zoom ta kyauta ba a iya naɗa mataimakin mai masauki, saboda haka mai tsaron ƙofa shi ne zai buɗe taron ya riƙe dukan maɓallai, malamin ya shiga kamar kowa. Wasu malamai za su ji wannan kamar an rage musu girma. Ba a rage ba. Mai wa'azi ma ba shi ke riƙe da makullin majami'a ba. Kuma kada a ba yaro aikin don kawai ya iya latsa waya. Aikin yana bukatar wanda ya san 'yan ikkilisiya da fuska da murya, wanda kuma zai iya ce wa matar dattijo, "Mama, ki gyara sunanki tukuna," ba tare da tsoro ko raini ba. In mai sanin mutane bai san waya ba, a haɗa shi da saurayi ko budurwa su zauna wuri ɗaya.

Aikinsa yana farawa kafin ranar aji. Ya ƙirƙiri sabon mahaɗi, aƙalla ga kowane zango, ga ajin baftisma da na yara kuwa kowane mako. Kada a yi amfani da lambar taro ta dindindin da manhaja ke ba kowane mai asusu. Ya aika wa kowane ɗan aji shi kaɗai, kusa da lokacin farawa. A lura da wannan, gama mutane da yawa sun ruɗu a kansa: mahaɗin da ake dannawa sau ɗaya a shiga, yawanci lambar sirrin tana ƙunshe a cikinsa. Wanda ya tura mahaɗin ya tura kuba tare da ƙofa. Ikkilisiyar da ke da halin biyan kuɗin manhaja za ta iya sa rajista, kowa ya sami mahaɗinsa na kansa, wannan ce ma shawarar da masanan nan na Boston da Binghamton suka ga ta fi ƙarfi, domin in ya fita waje an san ta hannun wa ya fita. Ya kuma saita cewa mai masauki kaɗai ke da ikon nuna abin da ke kan allonsa, kowa ya shigo makirufo a kashe, ba wanda zai canja suna bayan ya shiga, wanda aka fitar kuma ba zai iya komowa ba. Google Meet da sauransu suna da nasu irin waɗannan, sunayen maɓallan ne suka bambanta.

Mun san data tana da tsada, yawancin mutanenmu kuma sukan kashe kyamara don ta kai su ƙarshen wata. Ba ma cewa a tilasta wa kowa ya bar ta a kunne. A nan ne dabarar Roda take da amfani. A ware minti biyar ko goma na farko don gaisuwa, mai tsaron ƙofa ya kira kowa da suna, kowa ya amsa da muryarsa ko ya nuna fuskarsa sau ɗaya. Ai mu mutanen gaisuwa ne, ba wanda zai ji an tuhume shi don an ce masa ina wuni, yaya iyali. Wanda ya shigo da sunan waya, ko ya ƙi amsawa, a mai da shi zaure a kira lambarsa. In dattijon da aka san ya yi tafiya ya bayyana, a buga masa waya kafin a buɗe. Bayan gaisuwa a kulle taron. Mai makara ya kira mai tsaron ƙofa, kamar yadda zai ƙwanƙwasa a gida. Wuri ɗaya da muka ga ana sakaci: taron kyauta yakan katse bayan minti 40, kowa ya ruga ya sake shiga, mai tsaron ƙofa kuma don sauri ya danna a shigar da kowa gaba ɗaya. A wannan rububi ne ɓarawo ke bin ayari.

Akwai wata ƙofar baya wadda ta riga ta cuci mutanenmu da yawa. Wani zai kira ka da murya mai ladabi, ya gaishe ka da sunan Yesu, ya ce shi daga rukunin ikkilisiya ne ko na Zumuntar Mata, za a yi taron bidiyo da daddare, an aiko maka da lamba shida ta saƙon waya, ka karanta masa don a sa sunanka. Lambar nan ita ce makullin WhatsApp ɗinka. Da ka faɗa, ya kwashe asusunka zuwa wayarsa, ya zama kai a cikin kowane rukuni, ya ga duk mahaɗin da za a aiko, ya kuma fara roƙon kuɗi da sunanka. Ba wani taron ikkilisiya da ke bukatar wannan lamba, ko da muryar ta yi kama da ta Fasto. Kowa ya shiga saitin WhatsApp ya kunna tabbaci mai mataki biyu, ya zaɓi lambarsa ta sirri. Wanda aka riga aka cuta ya sake yin rajista da lambar wayarsa nan da nan, sabon saƙo zai zo, shigarsa za ta fitar da ɓarawon. In ɓarawon ya riga ya sa nasa tabbacin, ana iya jira har kwana 7. A wannan tsakani a cire lambar daga rukunin aji, a kuma canja mahaɗi.

In duk da haka an kutsa, mai tsaron ƙofa kada ya tsaya gardama ko tsauta wa mai kutsen, gama abin da yake nema ke nan. Ya tsai da kome da maɓallin nan guda, ko ya rufe taron ga kowa. Ajin da aka katse ana iya sake shi gobe. Sa'an nan Fasto da dattawa su bi mutane gida gida a makon, musamman inda yara suka gani. Kada a bar uwa ita kaɗai da tambayoyin 'yarta. Muna kuma gargaɗi da babbar murya: kada wani ya tura hoton abin da aka nuna zuwa rukuni wai don mutane su ga abin da aka yi mana. In akwai yara a cikin hotunan, Dokar Laifukan Intanet ta Nijeriya ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, ta haramta ajiye su da rarraba su, kyakkyawar niyya kuma ba ta wanke mai turawa. A rubuta rana da lokaci da sunan da mai kutsen ya ara, a kai rahoto ga kamfanin manhajar da kuma 'yan sanda, waɗanda ke da cibiya ta musamman kan laifukan intanet. Dattawa su kuma sani cewa Dokar Kare Bayanan Mutane ta 2023 ta sa addinin mutum cikin bayanan da ke bukatar kariya ta musamman, ta kuma nemi izinin iyaye kafin a tattara bayanan yaro. Saboda haka naɗar ajin baftisma ko na yara a ajiye a wayar wani, mu dai muna ganin a bar shi sam.

Saura magana mai wuya. In bincike ya nuna ɗanmu ne ya buɗe ƙofa, me za mu yi? Yawanci yaro ne da ya gaji da aji, ko yake so ya burge abokai, bai auna inda abin zai kai ba. Wani lokaci kuma babba ne mai riƙe da ɓacin rai tun zaɓen dattawa. Kada a rufe maganar don ɗan wani babba ne, gama matan da aka kira sunayensu suna kallonmu. Kada kuma a karanta sunansa daga bagade ranar Lahadi. Matiyu sura 18 ta ba mu matakai, a fara da shi a keɓe, da iyayensa in yaro ne, ya kuma je da ƙafarsa ya nemi gafarar waɗanda aka ɓata wa rai. Sauranmu da muka yi ta tura mahaɗi da kyakkyawar zuciya, ya kamata mu ma mu amsa namu a gaban jama'a. Mu mun yi haka a zaman nan na Asabar, bai kuwa yi daɗi ba.

Ajin Larabar ya komo bayan mako uku, da sabon mahaɗi, da wata gwauruwa tsohuwar malamar firamare a bakin ƙofa, jikanta yana latsa mata waya. Ta san muryar kowa, ta taɓa tsai da mai unguwar dattawa kansa a zaure har ya gyara sunansa. Mutum goma sha huɗu ne suka komo cikin ashirin da 'yan kai. Uwar yarinyar nan ba ta komo ba tukuna, Zumuntar Mata suna ziyartarta.

Muna roƙon magatakardan kowace ikkilisiya da ke da ajin bidiyo ya aiko wa ofishin ƙungiya da sunan mai tsaron ƙofar da aka naɗa kafin taron gunduma mai zuwa. A taron za a ware sa'a ɗaya don gwaji, za mu buɗe aji na wasa, wani ya yi mai kutse, kowane dattijo ya gwada fitar da shi da hannunsa. Kowa ya zo da wayarsa cike da caji, mai tabarau kuma kada ya manta da shi a gida.